Rigimar Shikago Da Yadda Majigi Ya Ba Da Labarinta

Mai ba da labarin abin da ya wuce kamar mai awon hatsi ne a kasuwa. Mudu yana hannunsa, mai saye kuwa ido kaɗai gare shi. In ya ga dama ya cika mudun har ya yi tsororuwa, in ya ga dama ya cusa babban yatsa a ciki ya rage, mai saye ya tafi gida yana murna. Saboda haka duk wanda aka auna wa labari, kyawunsa ya sake aunawa da mudunsa in ya sami hali.

A shekarar 2020 wani Ba'amurke mai suna Aaron Sorkin ya fito da wani fim da ya sa wa suna The Trial of the Chicago 7, watau shari'ar mutum bakwai na Shikago. Kamfanin Netflix ne ya watsa shi, mutane da yawa a duniya suka kalla, suka yaba. Labarin da ke cikinsa ba ƙagagge ba ne. Labarin samari ne da 'yan makaranta waɗanda suka taru a birnin Shikago na ƙasar Amurka cikin watan Agusta na 1968, domin su nuna ƙin yaƙin da ƙasarsu ke yi a Biyetnam, daidai lokacin da jam'iyyar Dimokurat ke babban taronta a birnin. Mutane da dama a yau ba su san wannan al'amari ba sai ta bakin fim ɗin. To, shi ya sa ya kamata mu auna shi. Amma kafin mu auna, sai mun san abin da ya faru tukuna.

Abin Da Ya Kai Su Shikago

A 1968 sojojin Amurka da ke Biyetnam sun haura 500,000, a cikin wannan shekara kaɗai kuwa aka kashe fiye da 16,000 daga cikinsu. Ba duka ne suka tafi da son ransu ba. Akwai dokar ɗaukar soja ta tilas, wadda ta wajabta wa kowane saurayi ya ba da sunansa da ya cika shekara 18. Amma a yawancin jihohin ƙasar ba a yarda ya jefa ƙuri'a ba sai ya kai 21. Kun ga ke nan yaro ya isa a aike shi ya mutu, bai isa ya zaɓi wanda zai aike shi ba.

Shugaban Ƙasa a lokacin Lyndon Johnson ne, ɗan jam'iyyar Dimokurat. Gwamnatinsa ta daɗe tana gaya wa jama'a nasara ta kusa. Sai ga shi a ƙarshen watan Janairu mayaƙan Biyetnam ta Arewa da magoya bayansu na Kudu sun kai hari garuruwa da yawa a lokaci guda. An kore su, amma mutanen Amurka suka gane maganar da a ke gaya musu da sauran gyara.

Wani ɗan Majalisar Dattawa daga jihar Minnesota, Eugene McCarthy, ya fito ya ce zai ƙwace tutar jam'iyya daga hannun Johnson, ya tsai da yaƙin. 'Yan makaranta suka yi masa caa. Suka aske gemu, suka rage suma, suka sa tufafin kirki, suna bi gida gida cikin tsananin sanyi suna roƙon ƙuri'a. Ran 12 ga Maris aka yi zaɓen fid da gwani a jihar New Hampshire, McCarthy ya sami kashi 42 cikin 100. Ran 31 ga watan Johnson ya ce ya fasa neman komawa kan mulki. Bayan kwana huɗu aka harbe Martin Luther King. A farkon watan Yuni aka harbe Robert Kennedy, wanda shi ma ya fito takara yana ƙin yaƙin.

Sai ya zamana hanya ta buɗe wa Mataimakin Shugaban Ƙasa, Hubert Humphrey, wanda ke goyon bayan manufar Johnson. Shi bai shiga zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba. Bai kuwa bukaci shiga ba, domin a wancan zamani yawancin wakilan babban taro gwamnoni ne da shugabannin jam'iyya ke tsamo su. Samari suka ga sun sha wahalar noma, wani zai zo ya kwashe amfanin. Wannan shi ne mafarin tafiya Shikago.

Masu Shiri Da Irin Shirinsu

Waɗanda suka kira taron ba bakinsu ɗaya ba. Ƙungiya ta farko ita ce wadda a ke kira Mobe a taƙaice, gamayyar ƙungiyoyi ce masu ƙin yaƙin. Shugabanta David Dellinger, dattijo ne mai shekara 53, wanda tun zamanin yaƙin Hitila ya zaɓi kurkuku a kan ya ɗauki bindiga. Masu gudanar masa da aiki a Shikago su ne Tom Hayden da Rennie Davis, kowannensu shekararsa 28, dukansu kuwa sun taso cikin ƙungiyar ɗalibai da a ke kira SDS. Nufinsu a yi jerin gwano cikin tsari har ƙofar zauren taro.

Ƙungiya ta biyu su ne 'yan Yippie, ƙarƙashin Abbie Hoffman da Jerry Rubin. Su makaminsu ba'a ne. A ganinsu in ka mai da mai mulki abin dariya ka rage masa kwarjini, kuma 'yan jarida ba sa ƙin abin dariya. Suka baza ji-ta-ji-ta cewa za su zuba ƙwayar maye a ruwan shan birnin. Ran 23 ga Agusta suka kawo alade tsakiyar gari, suka ce shi ne ɗan takararsu na Shugaban Ƙasa, 'yan sanda suka kama su har da aladen.

Kashi na uku su ne yaran McCarthy, waɗanda har yanzu su ke sa rai za a iya juya jam'iyya daga ciki. McCarthy da kansa ya roƙi magoya bayansa kada su taho Shikago, don yana tsoron abin da zai faru.

Tsoronsa yana da dalili. Magajin Garin Shikago, Richard Daley, mutum ne da ba a ja da shi a birninsa, kuma jigo ne a jam'iyyar. A watan Afrilu, bayan tarzomar da ta biyo kisan King, ya ce da ma umurninsa shi ne 'yan sanda su harbe duk mai saka wuta har lahira. A ƙarshen wannan wata kuma 'yan sandansa suka lallasa wani jerin gwano na masu ƙin yaƙi. Su Davis suka yi wata da watanni suna safa da marwa a ofisoshin birnin suna neman takardar izinin yin jerin gwano da ta kwana a filin shan iska na Lincoln. Aka yi ta ja musu rai, daga ƙarshe aka hana. Izini ɗaya aka ba su, na yin taro da rana a filin Grant ranar Laraba.

Wannan dabara ta Daley ta yi aiki. A watan Oktoba na 1967 ƙungiyar Mobe ta tara mutum wajen 100,000 a Washington. A Shikago ba su wuce 10,000 ba. Masu jiransu kuwa 'yan sanda ne kusan 12,000, da dakarun jiha wajen 6,000, da sojojin tarayya wajen 6,000. Masu gadi sun ninka waɗanda a ke gadi.

Ranar Laraba

An buɗe babban taro ran Litinin 26 ga Agusta a wani ƙaton zaure da aka kewaye da waya mai ƙaya. Tun daren Lahadi a ke ta fama a filin Lincoln. Da ƙarfe 11 na dare ya yi sai 'yan sanda su ce lokacin tashi ya yi, su shiga da kulki da barkonon tsohuwa, su koro mutane cikin tituna. 'Yan jarida ma ba su tsira ba.

Ranar Laraba 28 ga wata aka yi ta ta ƙare. Da rana wakilai suka yi muhawara a kan ko jam'iyya za ta sa neman tsai da yaƙi cikin manufofinta. Aka jefa ƙuri'a, masu son a tsai da yaƙi suka sami wajen 1,041, masu bin Johnson wajen 1,567. A filin Grant kuwa wani saurayi ya sauko da tutar ƙasa daga kan sanda, 'yan sanda suka kutsa cikin taro, aka rotse kan Rennie Davis har ya suma. Da magariba jama'a suka malala kan titin Michigan, suka cunkushe a gaban otel ɗin Hilton inda manyan 'yan takara suka sauka. Nan 'yan sanda suka far musu, ba su bar ɗan kallo ba, ba su bar mai wucewa ba. Masu ɗaukar hoton talabijin suka ɗauki wajen minti 17 na wannan duka, samarin kuwa suna ta kirari cewa duniya duka tana kallo.

A daren aka nuna hoton ga miliyoyin mutane, aka gauraya shi da hoton zaɓen da a ke yi a zaure. Wani ɗan Majalisar Dattawa, Abraham Ribicoff, ya hau mumbari ya kwatanta aikin 'yan sandan da na 'yan sandan Hitila, Daley na zaune a ƙasa yana daka masa tsawa. Humphrey ya sami ƙuri'a fiye da 1,700, McCarthy ya sami 601. Kafin mako ya ƙare an kama mutum 668.

Bayan wata bakwai gwamnatin sabon Shugaba, Richard Nixon, ta gurfanar da mutum takwas a kan tuhumar haɗa baki da ƙetare iyakar jiha don ta da tarzoma. Wannan shari'a, wadda aka fara ran 24 ga Satumba 1969 aka yanke ran 18 ga Fabrairu 1970, ita ce Sorkin ya ɗauka ya gina fim ɗinsa a kai.

Inda Mudu Ya Cika

Gaskiya ɗaya ce, Sorkin gwani ne wajen sa wa mutane magana a baki. Shari'ar wata biyar ce ya matse cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, mai kallo bai gaji ba, bai kuwa ɓata ba. Ya yi dabara da ya zaunar da mu a kotu, sa'an nan duk lokacin da mai shaida ya buɗe baki sai a komar da mu Shikago mu ga abin da idonmu. Ta haka mu ke jin abin da ɗan sandan ciki ya faɗa, mu kuma ga inda ya karkata.

Alƙali Julius Hoffman, wanda Frank Langella ya kwaikwaya, ya fito kamar yadda takardun kotu suka nuna shi: tsoho mai saurin fushi, wanda ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa tun ba a fara ba. Wanda ya kalla zai yi tsammani an ƙara masa gishiri. Ba a ƙara ba. Da gaske ne ya hana tsohon Ministan Shari'a, Ramsey Clark, ba da shaida a gaban mutum 12 masu yanke hukunci. Da gaske ne ya ɗora wa waɗanda a ke tuhuma da lauyoyinsu laifin raina kotu fiye da sau 150. A watan Nuwamba na 1972 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin da aka yi wa mutum biyar na shekara biyar biyar, ta kuma ambaci halin alƙalin cikin dalilanta.

Abin da ya fi kome kyau a fim ɗin shi ne gardamar Hayden da Hoffman. Hayden yana ganin ba'ar Hoffman za ta sa talakawa su tsani masu ƙin yaƙi, su ƙi ba su ƙuri'a, wanda ba shi da ƙuri'a kuwa ba ya tsai da yaƙi. Hoffman yana ganin in ba don ba'arsa ba, da ba wanda zai juyo da na'urar ɗaukar hoto wajensu. Wannan gardama ta gaske ce, kuma duk inda samari suka tashi neman gyara sai ta taso. Sorkin ya bar kowannensu ya faɗi hujjarsa da ƙarfinta. Nan ya cika mudu.

Inda Aka Cusa Yatsa

Ba a hana mai shirya wasa ya gajarta ko ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Abin dubawa shi ne, gyaran da ya yi ya ƙara fito da gaskiyar mutanen ne, ko ya juya ta? Ga wurare huɗu.

Na farko, David Dellinger. A fim an nuna shi ya fusata a kotu ya naushi dogari. Wannan bai faru ba. Mutumin nan duk rayuwarsa a kan abu ɗaya ya tsaya, cewa ba a rama duka da duka, har ya yi zaman kurkuku a kai. A sa masa naushi a hannu daidai ya ke da a nuna mai azumi yana cin abinci da tsakar rana don wasa ya yi armashi. Kuma abin ya wuce mutuncin mutum ɗaya. Tuhumar da gwamnati ke yi musu ita ce sun zo ta da fitina. Fim ɗin da ke nufin wanke su sai ga shi ya ƙaga wa mai ƙara shaidar da bai samu ba a kotu.

Na biyu, Bobby Seale, shugaban ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther, wanda shi ne na takwas. Bai shiga shirin taron ba, jawabi kawai ya zo ya yi ya koma. Lauyansa yana asibiti an yi masa aiki, alƙali ya ƙi ɗaga shari'a, ya kuma ƙi barinsa ya kare kansa. Da ya ƙi yin shiru, ran 29 ga Oktoba 1969 alƙali ya sa aka ɗaure shi da sarƙa a kujera, aka toshe masa baki. Kwanaki aka yi ana shigo da shi haka, shari'a tana ci gaba, kafin a ware shi ran 5 ga Nuwamba a yanke masa shekara huɗu na raina kotu. A fim abin 'yan mintoci ne, nan da nan lauyan gwamnati ya ji kunya ya nemi a tsaya. Mugun abin da ke cikin labarin shi ne daɗewar: an wayi gari an sake ɗaure shi, kotu ta zauna kamar ba kome. Wanda ya gajarta wannan ya sauƙaƙa wa kotun laifinta. Har wa yau fim ya sa kisan Fred Hampton, shugaban ƙungiyar a jihar, kafin ɗaurin Seale, kamar baƙin cikin kisan ne ya tunzura shi. Alhali 'yan sanda sun kashe Hampton ran 4 ga Disamba, wata guda bayan an ware Seale. Abin da Seale ke nema haƙƙinsa ne na samun lauya, ba ya bukatar a nemo masa wani dalili.

Na uku, an ƙago wata mace 'yar sandan ciki wadda ta yaudari Jerry Rubin da soyayya, an kuma mai da lauyan gwamnati Richard Schultz mutum mai taushin zuciya wanda aikin ke damunsa. Gaskiya ne 'yan sandan ciki sun shiga cikin masu zanga-zanga, har ɗaya ya zama mai tsaron lafiyar Rubin, amma namiji ne. Schultz kuwa a kotu ya yi aikinsa da zafi, ba da ɗari-ɗari ba.

Na huɗu shi ne mafi girma, watau ƙarshen fim. Ranar yanke hukunci an nuna Hayden ya miƙe yana karanta sunayen sojojin Amurka da suka mutu, alƙali yana buga guduma a banza, jama'a sun tashi tsaye suna tafi, har lauyan gwamnati ya miƙe don girmamawa. Mai kallo zai tashi da hawaye da farin ciki. Abin da ya faru kuwa daban ne. Dellinger ne ya yi ƙoƙarin karanta sunaye, tun ran 15 ga Oktoba 1969, shari'a ba ta yi wata ɗaya ba, aka kuwa katse shi. Sunayen da ya nufa sun haɗa da na mutanen Biyetnam. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mutanen nan ba don 'ya'yan Amurka kaɗai su ke ƙin yaƙin ba. Suna cewa ne ran manomin Biyetnam da na sojan Amurka ɗaya ne, wannan magana kuwa ita ta fi jawo musu baƙin jini. Sorkin ya cire mata ƙaya, ya bar abin da kowa zai iya tafa wa.

Abin Da Ba A Auna Ba Sam

Duk waɗannan gyare-gyare gefe guda suka karkata: suna sa mai kallo ya ji cewa duk mai hankali yana bayan samarin nan, mugun alƙali ne kaɗai da 'yan sanda suka tsaya musu a hanya. Da haka ne, da labarin ya yi sauƙi.

A watan Disamba na 1968 wani lauya, Daniel Walker, ya fitar da rahoton binciken da wata hukumar gwamnati ta sa shi. Ya tattara bayanin shaidu fiye da 3,000. Ya ce lalle an tsokani 'yan sanda da zagi da jifa, 192 daga cikinsu sun ji rauni, amma abin da da yawansu suka yi ya wuce tsaron doka, ya zama tarzomar 'yan sanda. Duk da haka, da aka tambayi jama'ar Amurka ra'ayinsu bayan taron, fiye da rabi suka ce 'yan sanda sun yi daidai. Duniya ta kalla, kamar yadda samarin suka ce, amma ba abin da su ke so ta gani ta gani ba. An gurfanar da 'yan sanda takwas, ba ko ɗaya da aka samu da laifi.

Me ya sa? Dalili ɗaya shi ne dokar ɗaukar soja ta ɗaga wa ɗan jami'a ƙafa muddin yana karatu. Ɗan leburan masana'anta da ɗan direba su a ke kwasa. Uban da ɗansa ke daji a Biyetnam, in ya kunna talabijin ya ga ɗan masu hali da suma har kafaɗa yana zagin ɗan sanda, wanda shi ma ɗan talaka ne, ba wuya a san inda zuciyarsa za ta faɗa, ko da shi ma ya gaji da yaƙin. Nixon ya gane haka sarai. Ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin doka da oda, ya ka da Humphrey a watan Nuwamba da ratar ƙuri'a wajen 500,000 cikin fiye da miliyan 70. Amurka ba ta sa hannu a yarjejeniyar janyewa ba sai Janairu 1973, bayan an ƙara kashe mata soja wajen 20,000, na Biyetnam kuwa ba a magana. Fim ya nuna mana ministan Nixon yana ba da umurnin a kai ƙara, amma bai tsaya ya tambayi yadda aka yi Nixon ya hau ba. Hayden na cikin wasan ya hango wannan hatsari, sa'an nan tafin ƙarshe ya share maganarsa.

Abu na biyu da ba a auna ba shi ne aikin da ba shi da daɗin kallo. An nuna mana neman izini a gurguje, amma ba mu ga masu neman wa baƙi wurin kwana a majami'u ba, ba mu ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka ba da kansu kyauta suna ɗinke kawuna a gefen titi ba. Yaran McCarthy kuwa kamar ba a yi su ba, alhali su ma 'yan sanda sun hau hawa na 15 na otel ɗin Hilton da asubahin Jumma'a sun doke su a masaukinsu. Kuma abin da ya dawwama daga Shikago ta hannun irinsu ya fito. A wannan taro da ya watse cikin rigima, wakilai masu ƙin yaƙi suka samu aka amince a sake duba yadda a ke zaɓen wakilai. Kwamitin da aka kafa, wanda George McGovern ya fara shugabanta, ya karɓe zaɓen daga hannun manya ya mai da shi ga 'yan jam'iyya, ya kuma ce a ba mata da samari da baƙaƙen fata wuri. Tun daga 1972 zaɓen fid da gwani ya zama shi ne hanyar samun tuta. A 1971 aka gyara tsarin mulki, ɗan shekara 18 ya sami ƙuri'a. A 1973 aka daina ɗaukar soja na tilas.

Kada a ɗauka wannan yana nufin na cikin zaure ne suka yi daidai, na titi suka yi kuskure. Da ba a ga jini a titin Michigan ba, da wuya manyan jam'iyya su yarda su saki abin da ke hannunsu. Kuma gyaran bai kawo nasara nan take ba: McGovern ya sami tuta a 1972 ta sabuwar hanya, Nixon ya ka da shi a jiha 49 cikin 50. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a Shikago hannuwan biyu ba su ɗaga tare ba, kowanne yana ganin ɗayan ne ya ɓata aiki. Wannan shi ne labarin da ya cancanci a ba samari, shi ne kuwa fim ɗin ya taɓa ya saki.

Hukunci

Wanda ya sami hali ya kalli fim ɗin Sorkin, ba zai yi da-na-sanin lokacinsa ba. Zai ga yadda a ke mai da kotu makamin siyasa, zai kuma ji gardama mai amfani. Amma ya riƙe a ransa cewa Dellinger bai naushi kowa ba, Seale kwanaki ya yi a ɗaure, ba a kuwa tashi tsaye an yi tafi ranar hukunci ba. Mai son ganin titin da kansa ya nemi fim ɗin Haskell Wexler na 1969, Medium Cool, wanda aka ɗauki wani sashensa a tsakiyar rigimar, barkonon tsohuwa na tashi. Mai son lissafi ya nemi rahoton Walker.

Samarin Shikago suna da gaskiya a kan yaƙin, Robert McNamara ma, wanda ya yi Ministan Tsaro a lokacin da yaƙin ya ƙazanta, ya yarda a 1995 cewa sun tafka kuskure. Amma samun gaskiya daban, shawo kan maƙwabci daban. Mai shirya taro yana iya tsara inda za a tsaya da abin da za a faɗa, ba ya iya tsara abin da na gida zai gani in ya kalla. Fim ɗin da ya ɓoye wa saurayi wannan ya ba shi daɗi ya hana shi guzuri. Allah Ya ba mu masu awo da cikakken mudu, amin.